Milimita Ɗaya a Rana

"Ƙafar ba ta ƙaru ba," likitan ya ce. "Ko kaɗan."

Auta ta dubi hoton ƙashin da ya maƙala a jikin allon fitila, ta dubi bakinsa, ta sake komawa kan hoton. Ba ta iya karanta hoton ƙashi ba, amma ta iya karanta fuskar mutum, kuma fuskar likitan ba ta mai wasa ba ce.

"Likita... kwana goma sha takwas fa."

"Na sani."

"Kwana goma sha takwas ban yi barcin kirki ba."

Ya ce ya sani. Ya ɗora ɗan ma'auni a kan hoton, ya nuna mata wurin da ya yanke ƙashin ƙwaurinta ranar tiyata. Ya kamata a ce yau akwai rata a wurin kamar faɗin babban yatsa. Abin da ke nan bai wuce milimita biyu ba, shi ma sabon ƙashi ya riga ya cike shi, fari fat, ya haɗe kamar ba a taɓa yankawa ba.

Ta sunkuya ta dubi ƙafarta ta hagu, abin da ba ta cika yi ba. Zobba uku na ƙarfe sun kewaye ta daga gwiwa zuwa idon sawu. Siraran wayoyi sun huda fata, sun ratsa ƙashi, sun fita ta ɗaya gefen. Sanduna huɗu masu haƙora sun haɗa zobban, kowace da notinta, kuma aikin duka a kan notin nan yake. A juya kowanne kwata, sau huɗu a rana. Kafin yini ya ƙare ya yi zagaye ɗaya cif, ƙashin da aka yanke ya buɗe da milimita ɗaya, jiki ya riƙa cike gurbin a hankali. Santimita biyar ƙafar ta gaza 'yar'uwarta, tun wani ciwon ƙashi da ta yi tana shekara shida. Kwana hamsin na juyi, wata huɗu na jira, sannan mutum ya koyi tafiya kamar jariri. Haka aka yi mata alkawari.

Likitan ya tambayi wanda yake juya mata.

Mijinta yana tsaye a bayan keken da take kai, hannuwansa a kan mariƙi. Ya ce shi ne, kuma bai taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Likitan ya miƙa masa sifana ya ce ya nuna. Ya durƙusa ya nuna. Daidai ya yi, har da duba ɗigon jan farcen da aka sa wa kowane noti don a san inda aka tsaya.

Likitan ya cire tabarau ya murza idonsa.

"To, Malam, abu biyu ne. Ko dai ba a juyawa, ko kuma ana juyawa gaba ana mayarwa baya."

Daga kusurwa, inda take zaune da jaka a cinya, Gwaggonta ta ce, "Uhm."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma ya fi huɗuba tsawo.

Sannan likitan ya faɗi sauran. Ƙashin da ya haɗe ba ya buɗuwa da lallashi. Sai an koma ɗakin tiyata an sake karya shi, a fara daga ranar farko.

Auta ta ja zane ta rufe ƙafar.

*

Mijin nata mai takalmi ne. Rumfarsa tana bakin babbar hanya, tsakanin wani tela da mai gyaran agogo. Tana shekara goma sha tara Mama ta kai ta wurinsa, saboda an ce shi kaɗai ne yake ƙara wa takalmi tudu ba tare da ya mayar da shi kamar bulo ba. Ya sa ta taka takarda, ya zagaye tafin ƙafarta da fensir, bai ɗago ya yi mata kallon tausayi ba. Wannan rashin kallon ne ya fara tafiya da ita. Shekara biyar tana kawo takalmi, wani lokacin takalmin lafiyarsa ƙalau. A ta shida suka yi aure.

Gidansu ba su so ba. Mama ta yi kuka ta haƙura. Baba, tsohon bakaniken manyan motoci, bai ce a'a ba, bai ce e ba, ya dai daina magana da yaron in ban da amsa gaisuwa. Da ma magana da Baba aiki ce: shekara arba'in a ƙarƙashin injin sun kashe masa kunne ɗaya, sun raunata ɗayan, har mutanen gidan suka saba ba shi labari a dunƙule. Da aka yi wa Auta tiyata, bai je asibiti ba, don ba ya taka asibiti. Abin da aka faɗa masa shi ne, "An yi aiki, an dace."

Gwaggo kuwa, yayar Baba, wadda ta binne miji ɗaya ta kori biyu, saboda haka take ganin babu wanda ya kai ta sanin aure, ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai shumeka.

Da yake ɗakin ma'auratan a hawa na uku yake, bayan tiyata sai aka dawo da Auta gidan iyayenta, aka sa mata gado a ɗakin da ke kusa da falo. Shi kuma sau huɗu a rana yana rufe rumfa, ya hau babur, ya zo, ya wanke hannu, ya tura ƙofa.

"Ranki ya daɗe, lokaci ya yi."

"Oga, a hankali..."

"Yaushe na taɓa yi da ƙarfi?"

Sai ta juya fuskarta bango, ta cusa bakin mayafi a baki. Ba ta taɓa kallo ba. Ƙafar ma kullum a lulluɓe take da zane, don ganin wayoyin na tayar mata da zuciya. Da rana, bayan ta sha maganin ciwo mai sa barci, Baba yakan ɗauko kujerarsa ya zauna a gefenta yana kore mata ƙuda da kwali. Iyakar jinyar da ya iya ke nan, kuma bai taɓa fashi ba.

*

Ko takalmi Gwaggo ba ta cire ba ta fara.

Ta ce ita fa tun farko ta faɗa. Mutumin da ya samu mata saboda gajeriyar ƙafa, me zai sa ya so ƙafar ta miƙe? Yarinya kyakkyawa, mai ilimi, idan ta tsaya a kan ƙafa biyu, zaman me za ta yi da mai warin gam? Ta tuna wa Mama cewa shi kaɗai ne ya yi jayayya da aikin nan. Wannan kuma gaskiya ne. Ya ce wahalar ta yi yawa, ya ce shi yadda take ta ishe shi. A lokacin Auta ta ji daɗin maganar har ta maimaita wa ƙawayenta. Yanzu da ta fito daga bakin Gwaggo sai ta canja kama.

Mama ta ce a bi a hankali. Gwaggo ta ce hankalin da aka bi ne ya jawo za a sake karya yarinya. Ta fita baranda, ta sunkuya a kan kunnen Baba mai ɗan sauran rai, ta ɗaga murya.

"Shumekan nan wasa yake yi da notin ƙafarta!"

Baba ya ɗago a hankali. Ya gyaɗa kai.

"Ai na daɗe da lura," ya ce.

Kowa ya ji. Mama ta dafe ƙirji. Mai takalmi, da ke tsaye a bakin falo, ya dubi surukinsa kamar an mare shi da abin da bai gani ba.

Auta ta ce a ba su wuri. Ya shiga, ya tura ƙofa, bai zauna ba.

"Oga... ka dube ni."

"Ina dubanki."

"Ba ka taɓa ganin kamar abin ba ya tafiya ba?"

Da maƙaryaci ne da ya tsira. Ya ce a sati na biyu ya ga kamar sandunan ba su ƙara tsawo ba, amma ɗigon jan farcen kullum yana inda ya bar shi, sai ya ɗauka idonsa ne. Ya yi shiru ne don kada ya tayar mata da hankali.

"Ka gani, ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Ta daɗe tana kallon silin. Ciwon yana bugawa a ƙashinta kamar ana kaɗa ƙusa. Ta tuna kwanakin nan goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, ta tuna za a sake kwantar da ita a ƙarƙashin waccan fitilar. Mutumin da ke cikin ciwo yana bukatar wanda zai ɗora wa laifi fiye da yadda yake bukatar magani.

"Ka mayar da shi baya?"

Bai motsa ba.

"Ke ce kike tambaya, ko Gwaggo ce ta ari bakinki?"

"Ni ce."

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro 'yar sifanar da asibiti suka ba shi, wadda ya ɗinka wa gida na fata don kada ta ɓata. Ya ajiye ta a gefen filonta, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Shekara bakwai ina riƙe ƙafar nan a hannuna," ya ce. "Allah ya ba ki lafiya."

Ta ji tashin babur ɗinsa. Bai amsa tambayar ba, kuma gidan gaba ɗaya suka ɗauki hakan a matsayin amsa.

*

Tiyata ta biyu ta fi ta farko ciwo, ko kuwa don wannan karon ta san abin da ke jiranta ne. Da ta farfaɗo ta waiga dama, inda ya zauna wancan karon. Gwaggo ce a wurin, tana ɓare lemo.

Likitan ya ce daga yanzu ita za ta riƙa juyawa da hannunta, kuma dole ta kalla. Ya koya mata ta ƙirga haƙoran sandar da suka fito a ƙasan noti kowace safiya. Kullum a samu ƙarin ɗaya. In ba a samu ba, ta kira shi.

A satin jiran da ake yi kafin a fara juyi, Gwaggo ta shigo da baƙo. Ɗan ƙawarta ne, mai kantin magani, mai tsabtar farce da ƙamshin turare. Shekarun baya an taɓa nuna masa Auta, ya ga tafiyarta, ya tuna yana da karatun da bai gama ba. Yanzu karatun ya ƙare. Ya zo da kwalayen ruwan 'ya'yan itace, ya zauna nesa da gadon, ya yi jaje cikin harshe mai santsi. Kafin ya tashi ya tambayi santimita nawa suka rage, sannan ya tambaya ko tabon wayoyin yana ɓacewa gaba ɗaya.

Bayan ya tafi Gwaggo ta ce irin wannan shi ne miji. Ta ce a aika wa shumeka ya rubuto takarda tun ana mutunci. Auta ta ce barci take ji.

Ba barci take ji ba. Wayarta tana ƙarƙashin filo, kusa da gidan sifanar, kuma ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Ranar da ta fara juyi da kanta sai da ta yi amai. Ta goge baki, ta kalli ƙafar, ta ƙirga da farce. Goma sha ɗaya.

Washegari, sha biyu. Ta yi kuka don daɗi.

Rana ta uku, sha biyu.

Ta sake ƙirgawa. Ta ƙirga sauran sandunan uku. Ta ce wa kanta kuskure ne, ta yi juyinta huɗu tana kallon kowanne kamar mai gadi.

Rana ta huɗu, sha biyu.

Sati biyu da kwanaki rabon mijinta da gidan nan. Ko ƙofar bai taka ba. Ta zauna da sifana a hannu tana duban ƙofar ɗakin, tana jin motsin Mama a kicin da muryar Gwaggo a waya, ta rasa wanda za ta fara tsoro.

Ba ta kira likita ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Da Mama ta kawo maganin rana, ta sa shi a baki, ta kurɓi ruwa, ta jira ta fita, ta tofar a hannu. Ta kwanta ta rufe ido.

Wajen ƙarfe biyu ta ji jan kujera. Baba ne. Ya zauna, ya fara yi mata fifita da kwalinsa, har ta ji kunyar kanta, ta ce yau ba za ta kama kowa ba tunda yana nan.

Fifitar ta tsaya.

Ta buɗe ido kaɗan. Baba ya leƙa fuskarta, ya sa tabarau, ya ciro wani tsumma daga aljihu ya warware. Sifana ce lamba goma, tasa ta gareji, an wanke ta tas har tana ƙyalli. Ya goge hannuwansa. Ya ɗaga zanen da yatsa biyu. Ya bi haƙoran sandar da farce, leɓensa yana motsi, sannan ya yi tsaki ƙasa-ƙasa.

"Ya sake kwancewa," ya ce wa kansa, da irin muryar kurma da ba ta san ta fito ba. "Aikin banza. A ɗaura noti babu washa."

Ya ɗora sifanar.

"Baba."

Bai ji ba.

Ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa. Ya zabura, sannan ya yi mata murmushi irin na wanda aka kama yana aikin alheri a ɓoye.

"Yi barcinki, Auta. Ɗaure miki nake yi."

Ya yi mata bayani da alfahari. Tun kwanakin farko ya lura notin nan yana tafiya, haƙori ɗaya kullum, duka huɗun. Abin da ya riƙe karyayyen ƙashi kuma ai bai kamata ya motsa ba. Likitoci sun san jiki, amma ba su san ƙarfe ba. Shi ya sa kullum yake mayar da kowanne zagaye ɗaya, ya koma mazauninsa. Da Gwaggo ta ce yaron nan ne, ya yarda. To ga shi yaron ya tafi, abin bai daina ba, ashe laifin masu haɗawa ne.

Auta ta jawo kansa kusa, ta sa bakinta a kunnensa mai ji. Ta faɗa masa kalma bayan kalma, abin da babu wanda ya ɗauki minti biyu ya faɗa masa tun farko. Ba a ƙara ƙafar a ɗakin tiyata ba. Yanke ta kawai aka yi. Tafiyar notin ita ce maganin.

Ya janye kai ya dube ta.

"Sake faɗa."

Ta sake.

Sifanar ta zame ta faɗi a kan siminti. Ƙarar ta kawo Mama da gudu, Gwaggo a bayanta. Suka tarar da tsohon zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafafu kamar yaro, yana kallon tafin hannuwansa.

"Ni na sa aka sake karya ki?"

"Baba..."

"Da hannun nan?"

Mama ta jingina da bango tana salati. Gwaggo ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa. A iya sanin mutanen gidan, ranar ce ta farko da ta nemi magana ta rasa.

Baba ya dafa gado ya tashi. Ya ɗauki hularsa, ya fita.

*

Telan da ke kusa da rumfar ne ya ba da labarin daga baya. Ya ce tsohon ya zo a ƙasa cikin rana, ya tsaya a gaban rumfa ya kasa shiga, sannan ya durƙusa a gaban surukinsa, mutane suna wucewa suna kallo. Mai takalmi ya watsar da guduma ya ɗaga shi, ya zaunar da shi a benci, ya ba shi ruwa. Suka daɗe, ɗaya yana magana da ƙarfi don kurma ne, ɗayan yana amsawa da ƙarfi don a ji shi, har duk layin suka san abin da ya faru. Maganar da ba su yi ba a shekara biyu suka yi ta a yini ɗaya.

Mai takalmi ya ɗauko Baba a babur ya kawo shi har ƙofar gida. Bai shiga ba. Mama ta fito ba mayafi ta roƙe shi. Ya gaishe ta a durƙushe, ya ce babu komai tsakaninsa da Baba.

"To ita fa, ɗana?"

"Mama, Baba bai san abin da yake yi ba," ya ce. "Ita ta san ni."

Auta ta kira shi. Ya ɗauka a bugu na biyu. Ya tambayi jiki, ya tambayi ko tana cin abinci, ya yi mata addu'a, ya ce yana da aiki a hannu. Ta sake kira washegari, ya sake yin haka. Da zagi ya yi da ta samu abin kamawa. Ladabi ba shi da mariƙi.

Allah ya taimaka an gano da wuri, ƙashin bai kai ga haɗewa ba. Haƙoran suka fara ƙaruwa: sha uku, sha huɗu, ashirin. Mai kantin magani ya sake zuwa sau ɗaya, Baba ya tare shi a baranda ya ce matar aure ce a ciki kuma tana hutawa. Gwaggo ta tuna tana da gida.

Ranar da Auta ta ƙirga ashirin da biyar, ta ce wa Mama a kira mata mota.

Daga inda motar ta tsaya zuwa rumfar bai fi taku ashirin ba. Da sanduna biyu a hammata da ƙarfe a ƙafa, ta yi shi a minti shida. Gumi ya jiƙa mata riga. Mai gyaran agogo ya taso zai taimaka, ta girgiza kai. Mijinta yana kan keken ɗinkin fata, ya ba hanya baya. Sai da inuwarta ta faɗo kan aikinsa ya juyo.

Ya miƙe tsaye har kujerarsa ta kife.

"Ke! Wa ya bar ki kika fito?"

"Ba ni benci, Oga, kafin na faɗi."

Ya jawo bencin masu jira, ya tallafe ta ta zauna, ya ɗora ƙafar a kan wani akwati. Hannunsa ya san inda ake kamawa. Sannan ya koma gefe ya tsaya, ya harɗe hannu. Ya rame. Ita ma ta rame. Babu wanda ya faɗa.

Ta shirya magana mai tsawo a mota, da ciwo a ciki, da Gwaggo, da maganar Baba. Da ta dube shi sai ta ga duk uzuri ne, ta zubar.

"Na tambaye ka abin da bai kamata na tambaya ba. Ba ciwo ba ne, ba Gwaggo ba ce. Ni ce. Ka yafe mini."

Ya dubi hanya. Wata mota ta wuce, wata ta bi ta.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai?" ya ce. "Da kika tambaya, sai da na tsaya na tambayi kaina. Na ce ko dai hannuna ya yi abin da ban sani ba. Don gaskiya ne na ji tsoro. Na ji tsoron ranar da za ki miƙe ki ga ba kya bukatata."

"Ka ji tsoro, kuma ka juya."

"Na juya."

"Sau saba'in da biyu. Na ƙirga."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya tambaye ta idan gobe wani abu ya sake lalacewa fa. Ta ce ba ta da alkawarin da ya fi ƙarfin baki, sai dai ya zauna ya gani.

A rumfar maƙwabci agogo uku suka buga sha biyu, kowanne a lokacin da ya ga dama. Auta ta buɗe jaka ta ciro sifanar, ta miƙa masa. Ya karɓa, ya je ya wanke hannu da sabulu, ya dawo ya durƙusa. Ta juya fuskarta ga bango.

"A'a," ya ce. "Ki kalla."

"Ba sai na kalla ba, Masoyi. Na yarda."

"Ki kalla. Rashin kallon ne ya kawo mu nan."

Ta kalla. Ya juya, kwata, kwata, kwata, kwata. Hawayenta yana ɗiga a bayan hannunsa, bai goge ba.

*

Sauran ba labarin daɗi ba ne, kuma masu cewa soyayya tana rage ciwo ba su taɓa kwana da waya a cikin ƙashi ba. Juyi ya ƙare a kwana na hamsin da uku. Ramin waya biyu suka yi ruwa, aka sha magani. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, agara ta ɗaure, mai gashin ƙashi, wata gajeriyar mata marar tausayi a fuska, ta riƙa murɗa ta kullum har Auta ta koyi zagi. Wata huɗun da aka yi alkawari suka zama biyar da rabi. Aka cire ƙarfe, aka sa filasta, aka cire filasta, aka bar ta da ƙafa siririya mai tabo goma sha biyu, tsawonta daidai da 'yar'uwarta, amma ba ta san aikin komai ba.

Wata goma bayan tiyatar farko, a ɗakin gashi, matar ta karɓe sandar ƙarshe ta jingina a bango.

"Taho."

"Zan faɗi."

"Ki faɗi mana. Ƙasa tana nan."

Mijinta ya tsaya a gabanta, ya miƙa hannuwa, bai taɓa ta ba. Ta ɗaga ƙafar hagu. Kafaɗarta ta karkata da kanta, tana neman ramin da ta saba faɗawa shekara ashirin, ba ta same shi ba. Ƙasa ta tare ta da wuri. Ta ja numfashi.

Ɗaya.

Ya ja baya taku ɗaya. Ta biyo shi. Biyu. Uku. Idonsa a kan ƙafarta, bakinsa yana ƙirgawa, yana ja da baya yana cewa a hankali, ranki ya daɗe, a hankali. Shida. Bakwai. Duk hankalinsa yana kan kada ta faɗi, bai ga 'yar kujerar da ke bayansa ba.

Ya tafi da baya gaba ɗaya, ƙafafu a sama.

Auta tana tsaye a tsakiya, babu sanda, babu bango, babu hannun kowa, tana kallon mijinta a ƙasa. Dariya ta taso mata, ta haɗe da kuka, ta rasa wanne za ta fara.

"Ka ji ciwo?"

"Ƙuguna," ya ce. "Kada ki motsa. Don Allah kada ki motsa."

Ta motsa. Ta yi taku biyun da suka rage, ta sunkuya, ta miƙa masa hannu. Mai gashi ta daka tsawa daga can cewa ƙashin nan bai isa ɗaukar mutum biyu ba.

Ya kama hannun duk da haka. Bai ja ba. Ya riƙe kawai, ya tashi da ƙarfin kansa.